Me ya sa kan shawa ke da mataji a ciki, na kuroka kuma kusan babu?

"Salam Malam, barka da aiki. Ni mai suyar kifi ce, kifin ƙanƙara nake sarowa katan-katan, shawa da taitus da kote, wani lokaci har kuroka in an min oda. In ina gyara ina cire jan abin nan na cikin kai, sai na lura a na shawa akwai wasu siraran abubuwa farare a jere kamar mataji, masu yawan gaske, a na kuroka kuma 'yan guntaye ne ƙalilan masu kaushi. Maigidana ya ce wai masu matajin nan datti suke tacewa su ci, shi ya sa shawa ta fi araha. Don Allah meye gaskiyar abin? Da gaske ana iya gane abincin kifi daga wurin nan?"

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. Wallahi tambayar nan ta min daɗi, don abin da kika gano da wuƙa a gaban baho shi ne abin da nake fama da ɗalibai su gani duk shekara, na ɗora musu kan kifi a tire, na nuna da tsinke, amma sai an kai ruwa rana kafin wasu su ce au haka ne. In na fahimce ki tambaya biyu ce: me ya sa matajin ya bambanta daga kifi zuwa kifi, sannan ko mutum zai iya duba shi ya faɗi abin da kifin ke ci. Eh ana iya, mu ma da shi muke farawa in an kawo mana kifin da ba mu saba da shi ba. Sai dai ki riƙe wannan tun yanzu: matajin ba ya faɗa miki abin da kifi ya ci jiya, abin da yake faɗa miki shi ne mafi ƙanƙantar abin da kifin zai iya riƙewa a bakinsa ba tare da ya zurare ya bi ruwa ba. Maigida kuma ya kama rabin zancen, za mu zo kansa.

Abin da ke ƙarƙashin murfin nan

Jan abin nan mu a makaranta gil muke ce masa. In kika ɗaga murfin gefen kai kika duba da kyau za ki ga ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙasusuwa ne huɗu masu lanƙwasa kamar lauje a kowane gefe, ɗaya bayan ɗaya. Kowane lauje fuska biyu gare shi. Ta bayansa, wajen murfi, akwai geza ja mai laushi, ita ce ta numfashi. Ta cikinsa, wajen baki da maƙogwaro, akwai farin matajin da kika gani. Ruwa na shiga ta baki, ya fara bi ta tsakanin haƙoran matajin, sannan ya wanke gezar, ya fita ta murfi. Kinga ke nan duk abin da ruwa ya ɗebo sai ya gamu da mataji kafin ya kai ga geza.

Gezar nan abu ce mai rauni sosai, fatar da ke tsakanin jini da ruwa a wurin siririya ce ƙwarai, dole ta zama haka don iskar oksijin da ke cikin ruwa ba ta wuce kusan kashi 1 cikin 30 na wadda ke cikin iskar da muke shaƙa ba. Jini a cikinta yana tafiya ne kishiyar inda ruwa ya nufa, da wannan dabarar kifi kan iya zuƙe har wajen kashi 80 cikin 100 na oksijin ɗin ruwan da ya wuce. Kifin teku ma ta nan yake fitar da gishirin da ya yi masa yawa a jiki. Toh abu mai daraja haka ai ba a barinsa ba tsaro, aikin farko na mataji shi ne kare geza daga yashi da ƙaya da abincin da ke mutsu-mutsu. A wasu kifayen abin ya tsaya nan. A wasu kuma matajin ya yi tsawo ya yi yawa ya matse har ya koma rariya, ya zama da shi ake cin abinci.

Masu tata

Shawa na cikin waɗannan. Ruwan teku da kike gani kamar ba komai a cikinsa cike yake da ƙananan halittu masu yawo, filankton ake kiransu gaba ɗaya, wasu tsirrai ne da ba a gani sai da madubin likita, wasu kuma dabbobi ne 'yan uwan jatan lande da ba su wuce ƙwayar gero ba, har da ƙwan kifi da 'ya'yan kaguwa. Shawa sai ta wangale baki ta buɗe murfi ta yi ta iyo cikin su, ruwa ya fita, su kuma su rage ta haɗiye. A kasuwa sunan shawa ya haɗa kifi fiye da ɗaya, akwai wadda ake kawowa daga ruwan sanyi na arewacin Atilantika wajen su Nowe, akwai kuma sadinela ta gaɓar Afirka ta Yamma, wajen Moritaniya da Senegal da Gana. Ta biyun nan ta fi yawan haƙoran mataji, a ɓangaren ƙasa na lauje na farko kaɗai sun haura 80, a manya kuma su wuce ɗari. Bonga da ake ƙyafewa a bakin teku daga Senegal har Kamaru ita ma haka, nata matajin laushi gare shi kamar gashi, shi ya sa take iya cin ƙananan tsirran nan da ke cika ruwan bakin kogi. 'Yan uwanmu na zango a Gana sun san lokacin da sadinela ke cika kasuwa, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin ne ruwan sanyi na ƙasa ke tasowa sama da taki a cikinsa, filankton ya yi yawa, masu mataji su taru su yi ƙiba. Wanda kuma yake Bur Sudan ko Jidda ya nemi wani ɗan uwan taitus da ake kamawa a Bahar Maliya da tekun Indiya, shi in ka buɗe bakinsa matajin har leƙowa yake kamar gashin tsuntsu.

Toh maganar maigida. Tata dai gaskiya ne suna tata, amma abin da suke tacewa rayayyen abinci ne, kuma man nan da ke fitowa a kaskonki in kina soya shawa ko taitus, mai amfanin da likitoci ke yabo, asalinsa daga ƙananan tsirran nan ya taso. Arahar kuma daga yawa ne. Ki kwatanta da daji: dabbobi masu cin ciyawa garke-garke suke, zaki kuwa ɗaiɗai. Kifin da ke ci daga tushe yana yin garke na miliyoyi, jirgi ɗaya ya zagaye su da raga ya cika cikinsa. Wani abu ma da zai ba maigida mamaki, manyan mafarauta irin su shak da kifi mai takobi su ne suka fi tara sinadarin makyuri mai guba a namansu saboda sun daɗe suna cin waɗanda suka ci wasu, shawa da sadin suna cikin masu ƙarancinsa. In ana neman mai cin laka da gaske akwai shi, mulet, yana tsotsar taɓon ƙasan ruwa ya tace da mataji ya furzar da yashi, har ƙundu gare shi kamar kaza, kuma mutanen bakin teku na sonsa ba kaɗan ba. Abin da zan yarda da shi kawai, yanzu ana samun ɓurɓushin roba a hanjin kifayen teku da yawa har da masu tata, amma wannan aikin ɗan Adam ne, kuma ke ai kina cire kayan ciki.

Mafarauta

Kuroka kuwa jatan lande da ƙananan kifaye take kamawa kusa da ƙasan teku, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya kai girman yatsa ba zai zurare ta gil ba ko da matajin waraka ne, saboda haka 'yan guntaye ƙalilan sun isa, kaushin da kika ji kuma ƙananan ƙayoyi ne da ke hana abin da aka kama juyowa baya. Za ki ce to me zai hana ta ajiye dogon mataji ko don ɓacin rana? Matsattsen mataji yana tare ruwa. Mafarauci in zai zuƙo abu ko ya kai sura so yake ruwa ya shiga ya fita fuu lokaci ɗaya, rariya a hanya cikas ce. Shi ya sa waɗanda suka fi nisa a farauta suka yar da shi gaba ɗaya: babbar barakuda ba ta da shi, wahu ba shi da shi, kifi mai takobi ma haka, lauje ne kawai.

Misalin da na fi so shi ne na kifin da ake kira tuna, don dangi ɗaya ne amma kowa da nasa. Ƙaramar tuna mai zane a ciki, irin wadda ake saukewa da yawa a tashar Tema a sa a gwangwani, tana da haƙora 53 zuwa 63 a lauje na farko. Mai rawayar ƙaya wadda ta fi ta girma tana da 26 zuwa 34. Duka biyun mafarauta ne, duka suna cin kifi, amma in aka buɗe tumbi ƙaramar ta fi yawan zuwa da ƙananan jatan landen teku. A 1971 wasu masu bincike biyu, Magnuson da Heitz, sun auna tazarar da ke tsakanin haƙoran mataji a dangin tuna da taitus suka gwada da abin da ke cikinsu, suka ga masu matsattsiyar tazara sun fi cin ƙananan abubuwa, amma hakan bai hana su cin manya ba. Maganar da na fara da ita ke nan, mataji iyakar ƙasa yake sawa, iyakar sama kuwa faɗin baki ne ke sa ta.

Na ce laujuna huɗu ne, toh akwai na biyar a can baya wanda ba shi da geza, ya koma muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro. Ki tura yatsa can cikin kan kuroka za ki ji wasu faranti masu kaushi sama da ƙasa. A kifayen da ke cin katantanwa da kaguwa haƙoran wurin sun zama kamar turame masu faɗi, da su ake murƙushe ɓawo. Kifi mai bakin aku da ke zaune a duwatsun murjani yana kankare dutsen da baki, ya niƙa da na maƙogwaro, ya kasayar da farin yashi. Akwai kuma wani mai siffar maciji da ke ɓuya a kogon dutse, ana ce masa more, a 2007 aka ɗauki bidiyonsa a Kalifoniya aka ga muƙamuƙin maƙogwaron na zabura ya zo har cikin baki ya cafki abinci ya ja shi ciki. Duk daga ƙashin gil.

Me ya sa rariyar ba ta toshewa

Nan ne abin ya fi ban sha'awa, kuma ke za ki fi ɗalibaina saurin ganewa. In kina tatar gasara da ƙyalle, ba a jimawa dusa ke toshe shi, sai kin girgiza kin matse kin kwashe sannan a ci gaba. Shekaru da yawa haka aka ɗauka matajin kifi ke aiki, ruwa ya bugi rariya kai tsaye, abinci ya maƙale. Amma lissafin bai fita ba, don kifi na tata na tsawon lokaci ba ya tsayawa kakkaɓe, sannan ana samun abubuwa a cikinsa da suka fi tazarar matajin ƙanƙanta, waɗanda ya kamata a ce sun zurare.

A 2001 wata mai bincike a Amurka, Laurie Sanderson, ita da abokan aikinta suka tura siririyar kyamara cikin bakin kifaye masu rai suna cikin ci, ɗaya daga cikinsu ma irin karfasa ce ta Afirka ta Gabas. Sai suka ga abincin kusan ba ya taɓa matajin. Ruwan yana gudu ne a kwance yana shafar fuskar matajin ya nufi maƙogwaro, yana tafiya yana tsiyaya ta tsakanin haƙoran, abincin kuma na daɗa kauri a tsakiya har ya isa baya a haɗiye. Kamar ki karkata rariya ki bar ruwa na gangara a kanta yana wanke ta da kansa. Masana'antun lemo da madara suna amfani da irin wannan tatar. A 2018 kuma aka gano wani salon a manta, ƙaton kifin nan mai faɗi kamar tabarma, a nata ƙwayoyin abinci karo suke da bakin farantan matajinta su yi tsalle su koma ciki, ruwa kuma ya lanƙwasa ya fita. Abin tausayi farantan nan ne suka jawo mata, ana busar da su ana kai wa kasuwannin maganin gargajiya a kudancin Sin, har a 2013 aka sa ta cikin jerin dabbobin da aka taƙaita cinikinsu a duniya. Ki ƙara da wannan: kifi mafi girma a duniya, wani shak mai ɗigo-ɗigo da kan wuce mita 12, da mai bi masa a girma, duka biyun masu tata ne, abincinsu ɗaya da shawarki.

Jar gezar ma tana magana

Mutane na mantawa da ita in ana zancen abinci, alhali yadda kifi ke neman abinci shi ke yanke yawan iskar da yake buƙata. Wanda ke kwance a ƙasa yana jira abinci ya zo wucewa gezarsa 'yar kaɗan ce mai kauri. Taitus kuwa da ba ya tsayawa, ki duba yadda kansa ke cike da geza jajir mai yawa, in aka auna faɗinta daidai da nauyin jiki ta ninka ta masu kwanton ɓauna sau da yawa. Tuna ta ma wuce nan, ta daina tura ruwa da baki kamar sauran kifaye, buɗe baki kawai take tana gudu, in ta tsaya sai ta shaƙe, kuma zaruruwan gezarta a haɗe suke da juna kamar saƙa don kada ƙarfin ruwa ya watsa su.

Inda abin ke yaudarar mutum

Farkon aikina na taɓa tsayawa gaban aji na nuna dogon matajin taitus na ce ga mai cin filankton, muka tsaga ciki sai ga ɗan kifi guda ɗungurungum bai ma narke ba, aji ya kwashe da dariya. Ba ƙarya na yi ba, rabi na faɗa. Taitus in ya tarar da filankton ya yi kauri sai ya buɗe baki ya tata, in ya ga ƙananan kifaye ya bi su da gudu. Kote ma da haƙoran matajinsa sun haura 50 haka yake, yana ƙarami ƙananan jatan lande, in ya girma ya haɗa da kifi. Ita kanta shawar arewa in akwai haske tsinta take ɗaya-ɗaya da ido, an gwada a tanki a Sukotlan an ga ko cikin duhu tana iya komawa tata.

Manyan masana ma sun faɗa ramin nan. Ɗan kifin nan na gaɓar Peru, ancobeta, wanda a 1970 aka kama sama da tan miliyan 12 nasa a shekara ɗaya, an daɗe ana rubuta cewa tsirrai yake ci, don matajinsa mai laushi ne kuma in ka ƙirga abin da ke tumbinsa ƙwayoyin tsirrai sun fi komai yawa. A 2008 Espinoza da Bertrand suka sake lissafin da nauyin abincin maimakon ƙirga, sai ga shi kusan duk abin da ke riƙe da shi daga ƙananan dabbobi ne. Ƙwayar gero dubu da tsokar nama ɗaya a kwano, in ka ƙirga gero ya yi rinjaye, amma ka san abin da ya ƙosar.

Sannan shekaru. A yawancin masu tata haƙoran na ƙaruwa yayin da kifi ke girma, tazarar ma na canzawa, saboda haka kwatanta ƙaramar shawa da babban kote ba adalci ba ne. Ko a ruwanmu na gida abin haka yake, tarwaɗar da ake kiwo tana iya samun daga 24 har 110 gwargwadon girmanta, kuma da ƙirgar nan ake bambanta ta da wata 'yar uwarta mai kama da ita sak wadda ba ta wuce 50. Tarwaɗa kuwa kin san ba abin da ba ta ci. Ni kuma in faɗa miki iyakata, aikina a kan tebur ne da matattun kifaye, yawancinsu daga kol rum irin naki, kuma kifin da ya sha ƙanƙara wata da watanni matajinsa kan karye ko ya manne da yauƙi, ƙirga a kansa sai da haƙuri. Maganar kyamara a bakin kifi da su manta aikin wasu ne na karanta, ban yi da hannuna ba. Shi ya sa ko a rahoto ba na yanke hukunci da mataji shi kaɗai sai na haɗa da girman baki da inda ya fuskanta, da haƙora, da tsawon hanji, da tumbin kifaye da dama na lokuta daban-daban.

In kina so ki nuna wa maigida da idonsa, ki zaɓi shawa da kote da kuroka masu kusan girma ɗaya, ki bari su saki sosai, ki yanke murfin da almakashi, ki ciro lauje na farko wanda ya fi kusa da murfi don shi ya fi dogon mataji. Ki ɗauraye yauƙin a hankali ki sa su cikin farin faranti da ɗan ruwa, haƙoran za su baje, ki ɗauki hoto da waya ki zuƙo shi ya yi girma. Sai ki tsaga tumbin kowanne ki juye a gefensa. Na shawa za ki ga wani abu kamar kunu, sau da yawa ja-ja ko ruwan ƙasa, na kuroka kuma in ba ta amayar ba lokacin da aka jawo ta sama, kina iya samun ƙafar jatan lande ko ƙashin ɗan kifi. Gil ɗin dai ki ci gaba da cire shi kafin suya kamar yadda kike yi, jini ne cike da shi, shi ke fara lalacewa kuma yana sa ɗaci a kai.